Tambur mai huji: ba aikin gara ba ne, kada a ɓamɓare shi daga ambulan

A kwanan baya wani ɗan uwana ya buɗe tsohuwar adakar mahaifinsa a Damagaram, ya tarar da wasiƙun da suka zo daga Faransa tun zamanin cinikin gyaɗa. Tambur ɗin da ke jikin ɗaya daga cikinsu, mai hoton macen nan da ke watsa iri, yana da ƙananan huje-huje a tsakiya. Shi a ganinsa gara ce ta taɓa shi. Da muka ɗaga shi a hasken taga sai ga haruffa biyu a jere, C da L. Gara ba ta iya boko ba. Bankin Crédit Lyonnais ne ya huda shi da gangan.

Masu tara tambur, ko kan sarki kamar yadda ake cewa a Najeriya, suna kiran irin wannan "perforé" da Faransanci, a duniya kuma an fi saninsa da "perfin". Asalinsa maganin sata ne.

A Ingila ta ƙarni na 19 tambur kusan kuɗi ne. Ana biyan ƙananan basussuka da shi ta wasiƙa, gidan waya kuma yana sayen wanda ba a yi aiki da shi ba, ya cire ɗan kamasho ya miƙa wa mutum tsabar kuɗi. Ke nan akawu ko ɗan aike da ya zari ƴan tambur daga teburin maigida, sai ya biya ta gidan waya ya maida su sulalla. Wani mutumin Landan mai suna Joseph Sloper yana da injin huda takardun banki da ya yi wa rajista a 1858. A 1868 hukumar gidan waya ta yarda kamfanoni su huda haruffan sunansu a jikin tambur da irin wannan inji. Dabarar mai sauƙi ce: tambur mai huji yana kai wasiƙa kamar kowane, amma gidan waya ba ya sayensa, kuma duk wanda aka gani da shi an san inda ya samo shi.

Beljiyam ta bi sahu a 1872, Faransa a 1876, Amurka sai a 1908. Faransawa sun sa sharaɗin kada hujin ya ɓata lambar da ke nuna kuɗin tambur. Bankuna, kamfanonin jirgin ƙasa da manyan kantuna duk sun shiga. Gwamnatoci ma ba a bar su a baya ba: Ostareliya ta riƙa huda OS a kan tambur na aikin hukuma, Kanada kuma OHMS. Da injin buga hatimin biya ya shigo ofisoshi sai al'adar ta yi sanyi, Faransa kuwa ta hana ta a ƙarshen 1954. A riƙe wannan shekara. Tambur na Faransa da ya fito bayanta amma ga shi da hujin kamfani, sai a dube shi da idon shakka.

To, ta yaya ake gane mai shi? Nan aikin yake. Ana kife tambur a kan baƙin ƙyalle, domin ta baya huje-hujen sun fi fitowa, ko da yake haruffan za su zo a juye kamar a madubi. Sai a ƙirga huji nawa ne a kowane harafi, a auna tsayinsa da milimita, a duba ko akwai ɗigo tsakanin haruffa. Kundayen masu tarawa da waɗannan alƙaluma suke rarrabe inji da inji. Ƙungiyar Ancoper ce ke tattara na Faransa, na Ingila kuwa an lissafa sama da iri 20,000. Idan an ga haruffa a kife ko a karkace ba kuskure ba ne mai tsada: akawu yakan ninka fallen tambur ya huda da yawa a tashi ɗaya don ya gama da wuri. Haka kuma idan allura ɗaya ta karye a inji, duk tambur ɗin da ya biyo baya zai rasa huji ɗaya, abin da ke taimaka wa masana su san na farko da na baya.

Amma haruffa kaɗai ba su isa shaida ba. Ɗauki SG. A kan tambur na Faransa yawanci bankin Société Générale ke nan. A kan na Sudan, mai hoton ɗan aike bisa raƙumi, gwamnatin Sudan ake nufi, kamar yadda AS ke nufin wasiƙun soja. Wannan mai sauƙi ne tunda ƙasashen daban suke. A cikin ƙasa ɗaya kuwa kamfanoni da dama kan yi tarayya a haruffa biyu, kuma har yau akwai huje-huje masu yawa da kundaye suka rubuta "ba a san mai shi ba". Abin da ke raba gardama shi ne ambulan. Hatimin gidan waya yana faɗin gari da rana, sunan kamfani da aka buga a goshi ko bayan ambulan kuma yana faɗin mai inji. Shi ya sa nake ganin babbar ɓarnar da muke yi ita ce jiƙa wasiƙa a ruwa a ɓamɓare tambur, yadda muka saba tun muna lakkol. An tsira da ƴar takarda, an zubar da shaidarta.

Batun kuɗi kuma, kada kowa ya sa rai da yawa. Shekaru da dama masu tarawa suna ɗaukar tambur mai huji a matsayin lalatacce, suna watsar da shi, kuma na manyan bankuna irin CL suna da yawa ƙwarai, farashinsu bai taka kara ya karya ba. Masu tsada kaɗan ne. Sananne a cikinsu shi ne tambur ɗin jirgin sama na faran 1.50, mai hoton jirgi a saman Marseille, wanda aka huda EIPA30 a wurin baje kolin wasiƙun jirgin sama na Paris a 1930. Da yake ana nemansa, na jabu sun cika kasuwa. Hujin inji yana cire takarda ɗungurungum, ya bar da'ira mai tsabta, duka girma ɗaya. Allurar hannu kuwa ture takarda take yi, ta bar tudu a baya. Ƙwararrun ƴan jabu sun wuce nan, don haka kada a sayi EIPA30 a intanet ba tare da takardar shaidar masani ba.

Wanda kakansa ya yi aiki da kamfanoni irin su CFAO da SCOA a Maraɗi ko Damagaram, ko ya yi hulɗa da wani banki na Faransa kafin 1955, yana iya samun irin wannan a gida. A bar wasiƙar yadda take, ba gam ba salatif. A sa ta tsakanin fararen takardu a cikin gwangwani mai murfi, a ɗora a sama nesa da danshin damina da gara ta gaskiya. Ɗan uwan nawa a gwangwanin biskit ya adana tasa.