Yaushe Ya Kamata Kwamitin Gyara Ya Daina Nazari Ya Kama Aiki?

A kowace ma'aikata akan kafa kwamiti don gyara yadda aiki ke gudana. Sau da yawa kwamitin yakan shafe watanni yana tattara alƙaluma, alhali matsalar da aka kafa shi dominta tana nan tana cin dukiya da lokacin jama'a. To, yaushe ne nazari ya isa?

Bari mu ɗauki misali daga Ingila. A shekarar 1854 cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 600. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen da aka yi rashi, ya tarar cewa akasarin mamatan sun sha ruwan famfo guda ne da ke titin Broad. Bai san ƙwayar cutar ba, domin sai a 1884 Robert Koch ya tabbatar da ita. Duk da haka ya shawo kan hukumar unguwar ta cire hannun famfon. Abin da ya sani ya ishe shi yanke shawara.

Daga nan za mu iya fitar da ma'auni uku. Na farko, shin an gano musabbabin matsalar da hujja, ba da zato ba? Na biyu, shin ƙarin bincike zai sauya matakin da za a ɗauka? In ba zai sauya ba, ɓata lokaci ne. Na uku, in gyaran bai yi ba, ana iya warware shi ba tare da babbar hasara ba? Hannun famfo dai ana iya mayar da shi. Amma inda gyara zai ci kuɗi masu yawa, ko ya taɓa rayuka, wajibi ne a zurfafa nazari.

Wannan ne ya sa W. Edwards Deming, Ba'amurken da ya koyar da masu masana'antun Japan a 1950, ya nace a kan gwaji ɗan ƙarami: a tsara, a gwada, a duba sakamako, sannan a zartar ko a sake. Wato gwajin kansa wani nau'in nazari ne, kuma Bahaushe ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Saboda haka, tun ranar da aka kafa kwamiti, a rubuta tambayar da zai amsa da ranar da zai fara gwaji. In ba haka ba, rahoto zai yi ta kauri, masu jiran gyara kuwa suna nan a layi.