Mai Zama a Karkace Ba Lallai Basir Ke Damunsa Ba

A majalisa ko a kasuwa, da zarar an ga mutum yana zama a karkace, yana cije leɓe in zai miƙe, kafin ya buɗe baki an riga an gano masa cutarsa: basir ne. Ko da ya ce ai santsi ne ya kwashe shi a banɗaki ya faɗi da mazaunai, sai a ce faɗuwar ce ta tayar da basir ɗin da ke kwance. Daga nan sai a haɗa shi da jarkar jiƙo. Abin ya isa haka nan, domin akwai masu ɗirkar maganin basir wata da watanni alhali ƙashi ne ya ji ciwo.

Can ƙarshen ƙashin baya, sama kaɗan da dubura, akwai ɗan guntun ƙashi mai lanƙwasa da ake kira ƙashin wutsiya. Ƙananan ƙasusuwa uku zuwa biyar ne suka haɗu suka yi shi, galibi huɗu, kuma idan mutum ya zauna ya jingina baya, wani sashe na nauyinsa a kansa yake sauka. Faɗuwa a zaune kan tayil, siminti ko matakalar bene ita ce kan gaba wajen buge shi, gusar da shi ko tsaga shi. Haihuwa mai wuya na biye, kuma mata sun fi maza fama da ciwon wajen ninki biyar. Doguwar tafiya kan babur a hanya mai gargada ma na jawo shi.

Ruɗanin yana da tushe. Wasu tsokokin da ke riƙe dubura a jikin wannan ƙashi suke maƙale, saboda haka mai karayar yakan ji zafi in ya yi yunƙurin bayan gida. Iyakar kamannin ke nan. Basir jijiyoyin jini ne da suka kumbura a bakin dubura ko cikinta, ana gane shi da jini ja zur bayan an kama ruwa, da ƙaiƙayi, da tsiro. Ciwon ƙashin wutsiya kuwa mai shi zai iya faɗin ranar da ya fara, har ya ɗora yatsa daidai kan ƙashin ya nuna wurin. Yana tsananta a kan benci ko daɓe, ya ƙaru in an jingina baya, ya soki mutum a daidai lokacin da yake tashi daga zaune, ya lafa in ya tsaya ko ya kwanta rub da ciki. Wane basir ne yake jiran sai an faɗi a banɗaki ranar Talata sannan ya bayyana?

Mai motar lasifika da ke tallar magani a tasha bai tambayi kowa ko ya faɗi ba, kuma ba zai tambaya ba. A wurinsa ciwon baya basir ne, kasala basir ce, raunin mazakuta ma basir ne. Yawancin abin da ke cikin jarkokin nan ba a san ma'auninsa ba, wasu kuma aikinsu shi ne su sa gudawa. Mai karaya ya sha, ya yini yana zirga-zirgar banɗaki, yana tsuguno yana yunƙuri a kan ƙashin da hutu yake nema, sannan a ce masa ai dattin ne ke fita. Babu jiƙon da ke haɗa ƙashin da ya tsage. In an ga sauƙi bayan wata biyu, lokaci ne ya yi aikinsa, mai jarka ya karɓe yabon.

Kunya ce ke ba wannan kasuwa rai. Magidanci ya fi jin sauƙin cewa basir gare shi da ya tsaya gaban likita ya nuna inda ke masa ciwo. Mai jego kuwa ta fi kowa shan wuya: ta ce ba ta iya zaman shayarwa, tsofaffin gida su ce raki ne, kowa ma haka ta haihu. Zaman da ke sa uwa hawaye makonni bayan suna ya cancanci a duba shi a asibiti.

Masu kai wa mai ɗori su ma su yi hattara. Wurin nan ba ya ɗauruwa da kara, ko a asibitin ƙashi na Dala a Kano ba a sa masa filasta. Ja da murza da ƙarfi ƙara fama rauni kawai suke yi.

To me za a yi? Bugu kawai yakan warke cikin mako 4, karaya kuma takan ɗauki mako 8 zuwa 12, kuma mafi yawan masu ciwon suna warkewa ba tare da tiyata ba. Sau da yawa likita ba ya ma neman hoto, tunda kulawar ɗaya ce ko ƙashin ya tsage ko bai tsage ba. A kwana biyun farko a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 20 sau da dama a yini, kada a ɗora ta kai tsaye a fata. Bayan nan gashi da tsumma mai ɗumi yakan taimaka, ɗumi dai, ban da tafasasshen ruwa.

Babban aikin yana wajen zama. A samu soso mai kauri a yanke masa gurbi ta baya yadda ƙashin zai kasance a sarari, ko a naɗe tawul biyu a sa ƙarƙashin cinyoyi. Kujerar falo mai lotsawa yaudara ce, mutum yakan nutse ciki nauyin ya koma kan ciwon. A zauna a ɗan ranƙwafo gaba, a riƙa tashi ana takawa akai-akai, a kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. Tela, direban adaidaita sahu da ɗalibin da ke yini kan benci su riƙa yawo da sosonsu, dariyar abokai ba ta kai zafin da ake gudu ba. Babur kuwa a haƙura da shi na 'yan makonni. Wanda zaman tahiya ya gagare shi ya tambayi malami, addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Sai batun ciki. Taurin bayan gida abokin gabar wannan ciwo ne, don haka a yawaita ruwa, zogale, alayyafo, wake, gwanda da lemo. Farasitamol ya wadatar wa da yawa. Ibuprofen da diclofenac suna rage zafi da kumburi, amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kada su taɓa su sai da izinin likita. Tiramol da kodin kuma, ban da jarabar da ta sa gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, suna ɗaure ciki tamau, wato su jawo yunƙurin da ake ƙoƙarin kauce wa.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu, tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, fitsari ko bayan gida ya riƙa zuwa ba a sani ba ko ya ƙi fita, zazzaɓi, kumburi mai ruwa a wurin, ko ciwon da ya zo ba faɗuwa ba haihuwa, yana hana barci, mutum yana ramewa. Waɗannan asibiti za a nufa a ranar. Wanda kuma ya haura wata biyu zuwa uku zafin bai ragu ba, ya koma wurin likita. Akan tura shi sashen gashin ƙashi, ko a yi masa allura a daidai gaɓar, sai in duk sun gaza ne ake maganar cire ƙashin da tiyata, kuma kaɗan ne ke kaiwa can.