Masu Naɗin Koyil a Abuja: Likitocin Injin da Ya Ƙone

Warin ne ke fara tarar mutum kafin ya ga shagon: ƙaurin waya da ta ƙone, haɗe da na banish. A ƙofa kuwa injina ne jibge, wasu an farke cikinsu, wasu na jiran layi. Irin waɗannan shaguna suna nan a Dei-Dei da Kubwa da Nyanya da Gwagwalada, da kuma gefen masana'antun Idu, kuma aikinsu ɗaya ne: mayar da rai ga moto. Ba motar hawa ba, a'a, injin nan mai juyawa da lantarki, wanda masu sana'ar ke kira moto don kada a rikita.

Mai kallon Abuja daga Maitama zai ɗauka birni ne na ofisoshi kawai. Amma moto ne ke juya injin fasa dutse a Mpape, shi ke jan zarto a kasuwar katako ta Dei-Dei, shi ke girgiza injin buga bulo, shi ke niƙa da markaɗe. Uwa-uba ruwa. Na madatsar Usuma bai kai kowace unguwa ba, don haka gidaje da otal-otal da kamfanonin fiya-wata sun dogara da rijiyar burtsatse, kowace kuma da samo, wato injin turo ruwa, a ƙasanta. Ranar da samo ya ƙone, a ranar ake tunawa da mai naɗi.

Aikin na lissafi ne kafin ya zama na hannu. Gwani ba ya cire tsohuwar waya sai ya ƙirga ramukan da ke jikin ƙarfen, ko 24 ne, ko 36, ko 48, ya ƙirga zagaye nawa ke cikin kowane koyil, ya auna kaurin wayar, ya rubuta yadda aka haɗa bakunan. Wanda ya yi garaje ya tuge waya bai rubuta ba, ya ɓatar da taswirar gida ke nan. Daga nan a share ramuka, a shimfiɗa takardar da ke raba waya da ƙarfe, a naɗa sabon koyil a kan katako, a cusa shi rami-rami da haƙuri, a ɗaure, a tsoma a banish, a gasa har ya bushe. Ƙarshe a sa na'urar da suke kira mega a gwada ko wuta na zurarewa zuwa jikin ƙarfe.

Wurin da na fi jin daɗin kallonsu shi ne lokacin da suka buɗe injin suna karanta ƙunar. Idan koyil ya yi baƙi ƙirin ko'ina daidai wa daida, an ɗora wa injin kayan da ya fi ƙarfinsa. Idan wani sashe ya ƙone ƙurmus wani kuma yana nan fes, to layi ɗaya cikin uku ne ya ɗauke aka bar injin yana fama da biyu, abin da ke faruwa duk sanda fis ɗaya ya tashi a tiransifoma. Tabo guda a bakin rami yawanci ruwa ne ko ƙura ko takarda da ta tsufa. Idan kuwa an ga goguwa a jikin ƙarfe, boris ne ya ci har abin da ke juyawa ya riƙa shafar bango. Wato gawar da kanta take faɗin wanda ya kashe ta, kuma sau da yawa mai laifin yana can inda aka ɗauko injin.

Nan ne gizo ke saƙa. Mai injin zai biya kuɗin naɗi sau uku a shekara, amma ya ƙi sayen 'yar na'urar da ke katse wuta idan nauyi ya yi yawa ko layi ya ɗauke, alhali kuɗinta bai kai na naɗi ɗaya ba. Ga kuma ɗan allon ƙarfe da ke manne a jikin kowane moto, wanda ba a cika duba shi ba. A kansa aka rubuta komai: wutarmu ta masana'antu bolt 400 ce a layi uku, mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa 60 ce, shi ya sa injin gwanjo daga can yake rage gudu a nan, wani lokaci ya yi ta zafi. Akwai harafin da ke nuna zafin da rufin wayar zai iya jurewa: B digiri 130, F 155, H 180. Ƙa'idar da injiniyoyi suka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana rage rabin rayuwar rufin. A tuna da zafin Abuja a watan Maris, a ɗakin kwano marar taga.

Su ma masu sana'ar ba a wanke su tas ba. Akwai mai babbaka tsohon koyil da wutar itace har ƙarfen ya lalace, injin ya koma shan wuta fiye da da. Akwai mai sa siririyar waya don ya rage kuɗi, ko alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke da alhakin ingancin irin wannan kaya, amma a shago kankare bakin waya da wuƙa ya fi saurin tona asiri: in fari ya bayyana a ciki, ba jan ƙarfe ba ne.

Sai batun rai. Za ka ga yaro ɗan koyo sanye da silifa a kan siminti mai danshi, yana cusa tsirarar waya a soket don gwaji. Wutar da ba ta isa ta kunna ƙwan fitila sosai ba tana iya tsayar da zuciya idan ta ratsa ƙirji, shi ya sa ake yin makatsar kariya da ke faɗuwa a miliamfiya 30. Kafasita, wato ma'ajiyar wuta da ke jikin wasu injina, kan riƙe wuta bayan an kashe injin. A gari irin namu kuma, inda kowace masana'anta ke da janareta, kashe layin kamfanin rarraba lantarki na AEDC kaɗai bai isa ba, domin wani na iya tayar da janareta a bayan gida mutum yana tsaka da aiki. Dokoki akwai su: ta masana'antu ta 1987, ta biyan diyyar ma'aikata ta 2010, ga hukumar NEMSA da aka ɗora wa duba haɗin lantarki. Sai dai mai duba aiki ya fi sanin hanyar Idu fiye da lungun da waɗannan shaguna suke.

Don haka kiran nawa ga iyayen gidan sana'ar ne. Maigida, kafin ka koya wa yaro ƙirga zagayen koyil, koya masa ya kashe wuta, ya sa kwaɗo a akwatin wutar, ya jefa makullin a aljihunsa, ya gwada da mita kafin ya taɓa. Ka saya masa takalmin roba mai rufi, ka kafa wayar ƙasa a shagon. Kai kuma mai injin, in ka zo karɓar kayanka, tambayi mai naɗi abin da ya ƙona shi, ka je ka gyara can tukuna kafin ka sake kunnawa.