Bindiga a Hanyar Baban Rafi

Shekaru ashirin da suka wuce, in ka ga mutum ya nufi dajin Baban Rafi da bindiga a kafaɗa, ba sai ka tambaya ba, mahalbi ne. An san gidansu, an san wanda ya gada, an san sarkin mahalban da yake bi. Bindigarsa ta maƙera ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma abin da take nema bai wuce zabon daji ko zomo ba, sai gada in an taki sa'a. Sauran masu shiga daji kowa da kayan aikinsa: mai itace da gatari, makiyayi da sanda da adda, manomi da hauya. Yau a ƙauyukan Gabi, Safo, Ɗan Isa da Sarkin Yamma wannan rabon ya rikice. Mutumin da bai taɓa farauta ba yana tunanin bindiga kafin ya yi tunanin goran ruwa, don abin da yake tsoro a dawa ya tashi daga dabba ya koma ɗan Adam.

Sanadin farko shi ne wurin da Allah ya ajiye gundumar Madarunfa. Kudancinta ya jingina da iyakar Najeriya, daga Ɗan Isa kana ƙetarawa ka faɗa Jibiya. Dajin Baban Rafi ba ya tsayawa a inda taswira ta ja layi. Yana haɗe da dazukan arewacin Katsina da Zamfara, waɗanda tun wajen 2011 suka zama mazaunin ɓarayin shanu, daga baya masu garkuwa da mutane. Wannan ba shi ne karon farko da dajin ya zama hanyar mahara ba. Tun bayan da sarakunan Haɓe na Katsina suka kafa Maraɗi a farkon ƙarni na 19, ta cikin wannan sunƙuru ake kai hari kudu, ta cikinsa ake ramawa. Bambancin kawai, maharan da a kan doki suke, na yanzu a kan babur, uku-uku, da kalash.

Matsalar ta tsallako a hankali, sannan ta yi ƙamari a 2019, shekarar da dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka kwararo jihar Maraɗi. Waɗannan baƙi ba tabarma da tukunya kaɗai suka zo da su ba, sun zo da labari. Duk wanda ya sauke su a zaurensa ya ji yadda ake tashin gari cikin dare guda. Ba a jima ba labarin ya zama na gida: a kore shanun huɗa, a ɗauki mai gida ko matarsa, a kira ta salula a yanka kuɗin fansa. Iyalin da suka sayar da gona da bisashe don karɓo mutum ɗaya sun koma baya shekara goma. Manomin da ya ga haka a gidan maƙwabcinsa lissafinsa ba wuya: kuɗin bindigar maƙera ba su kai ko kusa da kuɗin fansa ba.

Kuma ba a iya ƙaurace wa dajin. Itacen girkin Maraɗi da yawansa daga nan yake fitowa, tun kasuwannin itace na karkara da aka kafa a shekarun 1990. Da damina, lokacin da gonaki suka rufe ko'ina, dabbobi ba su da wurin kiwo sai can. Gonakin bakin daji su ne masu sauran ƙarfin ƙasa. Mai hali ya bar ƙauye ya koma Madarunfa ko Maraɗi. Talaka shi ne zai koma gobe da amalanke.

Hukuma ba ta naɗe hannu ba, wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Akwai rundunar Farautar Bushiya da ke sintiri a yankin, akwai jandarma da gardi, kuma an sha ƙwato dabbobi da mutane. A 2019 gwamnan Maraɗi ya zauna da takwarorinsa na Katsina, Zamfara da Sakkwato don haɗa ƙarfi. Amma ɓarawo da tsakar dare yake zuwa, kuma kafin motar soja ta ratso yashi da laka ta iso, ya riga ya haye iyaka, inda sojan Nijar ba ya bi sai da izini. Tsamin dangantaka da rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 bai taimaki wannan haɗin gwiwa ba. Tsakanin kiran salula da isowar agaji akwai sa'o'in da ƙauye ke zama shi kaɗai, kuma a cikin waɗannan sa'o'i ne ake yanke shawarar sayen bindiga.

Sai kuma abin da kunne ke ji daga kudu. Mutanen Madarunfa da na Katsina rediyo ɗaya suke saurare, kasuwa ɗaya suke ci, suna auratayya. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya fito fili ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin bindiga, har sai da babban hafsan tsaron Najeriya ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Dokar Nijar daban take: riƙe bindiga ba tare da izinin hukuma ba laifi ne da ke kai mutum gidan kaso. Amma in gwamna a ƙetaren iyaka ya ce halal ne, da wuya ka gamsar da mutumin Gabi cewa haram ne a wurinsa.

To, bindigar tana tsare mai ita? A nan ne nake ganin ya kamata a raba magana biyu, domin ana yawan cakuɗa su.

Bindiga a hannun jama'ar gari, da dare, a bayan danga, tana da amfanin da ba a musu. Ɓarayi uku ko huɗu da suka zo kore shanu, in suka ji harbi daga kusurwa biyu, sau da yawa sukan juya, don su ma ba mutuwa suka fito nema ba. Ƙarar harbin kan tada maƙwabtan ƙauyuka. Mahalba kuwa sun san kowane kwari da kowace mashaya, kuma wajen bin sawu babu na'urar da ta kai su.

Bindiga a kafaɗar mutum ɗaya cikin daji wani abu ne daban. Sunanta ma ya faɗi gaskiyarta: harba-ka-ruga. Harbi ɗaya take yi, sannan a tsaya ɗuri, alhali kalash na ɗaukar harsashi 30 a gida guda. Mai saran itace hannuwansa biyu na kan gatari, ƙarar saran ta hana shi jin motsi, kuma waɗanda ke fakonsa sun gan shi tun kafin ya gan su. Wanda aka tarar hannu sake ana iya ƙwace masa jaki ko a tafi da shi don fansa. Wanda aka tarar da bindiga an ɗauke shi ɗan banga, kuma 'yan bindiga ba su cika barin ɗan banga da rai ba. Abin da bindigar ke ba shi da gaske ƙarfin zuciya ne, wanda kan kai shi zurfin dajin da in babu ita ba zai taka ba. Mata da 'yan mata masu ɗiban itace da ganye kuwa, ba su cikin wannan lissafi gaba ɗaya.

Ko taron ma yana da iyaka. A watan Afrilun 2014, a 'Yar Galadima ta Zamfara, mahara suka afka wa taron 'yan banga da ke shawarar yadda za su kare kansu, suka kashe mutum sama da 100. A Nijar, ranar 2 ga Nuwamban 2021, 'yan sa-kan Banibangu suka fita neman waɗanda ke addabarsu, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka mutu har da magajin garin. Abokan gabar can masu iƙirarin jihadi ne, ba irin ɓarayin iyakar Maraɗi ba, amma darasin makami ɗaya ne. Garin da ya kashe ɓarawo ɗaya kuma ya shiga jerin waɗanda za a dawo wa da gayya.

Illar da ta fi damuna ba ta tsakanin mutanen gari da ɓarayi ba ce, ta tsakanin maƙwabta ce. Bindiga ɗaya ce, amma ido biyu ake kallonta da shi. Bahaushe ya rataya, a ce yana tsaron gari. Bafulatani ya rataya, a ce ga ɓarawo, alhali shi ne aka fara kore wa garke, shi ne kuma ke kwana a dawa ba danga ba maƙwabci. Rahoton ƙungiyar International Crisis Group na Afrilun 2021 kan kudu maso yammacin Nijar ya ja kunne a kan wannan: ƙungiyoyin kare kai galibi na manoma ne, kuma in suka fara hukunta makiyaya da zato, suna tura matasansu hannun ɓarayi. Haka aka yi a Zamfara, inda kisan gilla a kasuwanni da sunan sa-kai ya mayar da sata yaƙin ƙabila. Jihar Maraɗi ba ta buƙatar aron misali ma. A watan Oktoban 1991, a Toda, rikicin ɓarnar gona ya ci rayukan Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara, kuma a lokacin babu bindigogi a hannun jama'a kamar yau. Dokar karkara ta 1993 da kwamitocin sasanta rikicin ƙasa sun taimaka wajen kwantar da irin wannan. Amma sasanci na tafiya ne in faɗan kaka ya tsaya a sanda da rauni; in gawa ta faɗi, mai gari ba shi da sauran abin cewa.

Akwai ƙananan illoli da ba su shiga labarai. Sojan da ke sintiri da magariba, in ya hango mutum da bindiga cikin sabara, ba shi da lokacin tambayar sunan ƙauyensu. Malamin daji ba ya iya tsayar da mai saran ɗanyen itace in yana ɗauke da makami, don haka dajin kansa na cikin masu asara. Ga hatsarin ɗuri, ga yara a gida.

Katsina da Zamfara sun gane cewa ɗaukar makami ya fi ƙarfin hani, sai suka koma yi masa linzami: rundunar tsaron al'umma ta Gwamna Dikko Raɗɗa a Oktoban 2023, Askarawan Zamfara a Janairun 2024, da horo da albashi da rajista. Ko hakan ya yi magani, ana ta gardama. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne rajistar. Da a ce kowane mai gari a Madarunfa na da jerin masu bindiga, Hausawa da Fulani a takarda ɗaya, ƙarƙashin idon jandarma, da an rage rabin zato.

Domin wata rana za a zo karɓar makaman nan. Nijar na da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, tun 1994, kuma ranar 25 ga Satumban 2000 aka ƙona bindigogi sama da 1,000 a Agadas a bikin wutar zaman lafiya. Waɗancan na tsoffin 'yan tawaye ne, masu shugabannin da suka sa hannu a yarjejeniya, aka san wanda za a tambaya. Na bakin Baban Rafi kuwa suna cikin rumbu, suna ƙarƙashin jinka, kuma ko mai gari bai san adadinsu ba.