Yadda Masana Ke Gano Dangantakar Halittu

A Kepong, bakin birnin Kuala Lumpur, akwai Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Malesiya, inda ake nazarin manyan itatuwan da mutanen ƙasar ke kira meranti, waɗanda katakonsu ya shahara a duniya. Masana sun daɗe suna jayayya a kan asalinsu: waɗansu suka ce dangin ganyen shayi ne, waɗansu kuwa suka ce dangin auduga ne. To, itace ba shi da maroƙin da zai ja masa salsala. Ta yaya za a raba gardamar?

 Idan aka samu kwafe uku na littafi ɗaya, biyu daga cikinsu suna da kuskure iri ɗaya a shafi ɗaya, hankali ya fi karɓar cewa daga hannun magatakarda ɗaya suka gaje shi, maimakon a ce mutum biyu sun yi tuntuɓe a wuri guda. Haka masana halitta ke yi. Sukan jera siffofin halittu, su zana duk bishiyoyin dangantakar da za su yiwu, sa'an nan su ƙidaya sauye-sauyen da kowace bishiya take bukata. Wadda ta fi ƙarancin sauyi ita ake ɗauka. Wannan ita ce ƙa'idar tsimin sauyi.

Ga misali da jemage, wanda ake cewa ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi. Mu gwada shi da shaho da ɓera a kan siffa 4: fiffike, gashi, shayar da nono, da kunnen waje. In muka haɗa jemage da shaho, fiffike ya fito sau ɗaya, amma sauran ukun kowace sai ta fito sau biyu, sauyi 7 ke nan. In kuwa muka haɗa shi da ɓera, fiffike ne kaɗai ya fito sau biyu, jimla 5. Ashe jemage ɗan'uwan ɓera ne.

Aikin ba ko yaushe yake da sauƙi haka ba. Halittu 4 bishiya 3 kawai suke bayarwa, amma halittu 10 suna ba da 2,027,025. Shi ya sa hanyar lissafin da Walter Fitch ya fitar a Amurka a 1971 ta zama abin dogara, kwamfuta kuma ta ɗauke wa masana wahalar ƙidaya.

A 1999 waɗansu masana suka bi wannan ƙa'ida, suka gwada jerin ƙwayar gado guda ɗaya a itatuwa iri 35. Sakamakon ya nuna meranti na ɓangaren auduga, wato yana da zumunci da kuka da rimi da kuɓewa, ya yi nisa da shayi. Ya kuma ƙarfafa cewa itacen Monotes na Afirka, wanda wani irinsa ke tsirowa a dazuzzukan arewacin Nijeriya, ɗan gidansu ne.

Sai dai ƙa'idar tana da inda take zamewa. A 1978 Joseph Felsenstein ya nuna cewa idan zuriya biyu suna saurin canzawa, sukan yi kama da juna bisa katari, har lissafi ya ɗauke su 'yan'uwa. Kama da wane ba ta wane ba ce. Saboda haka masana a yau sukan gwama ta da waɗansu hanyoyin lissafi kafin su yanke hukunci.

Wannan bincike yana da muhimmanci, domin sara da faɗaɗa gonaki sun sa ire-iren meranti da dama cikin haɗarin ƙarewa. Bishiyar dangantaka ita ke nuna wa masu kula da daji irin da ba shi da makusanci, wanda in ya ɓace, reshe guda na tarihin halitta ya tafi ke nan. Irin wannan shi ya kamata a fara cetowa.