Yadda Za A Kawar Da Tabo Daga Tsohon Wurin Wanka

Jama'a, a yawancin gidajen Nguru da Gashuwa a Jihar Yobe, da sauran garuruwan da ke amfani da rijiyar burtsatse, akan ga daɓe da bangon wurin wanka sun sauya launi. Mai gida ya sa a yi ta dirza, tabo bai fita ba. Dalili kuwa shi ne kowane tabo da irin maganinsa.

1. Farin tabo. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ɗauko sinadarin farar ƙasa. In ya bushe sai ya bar ɓawo. Abu mai tsami ke narkar da shi. A shafa ruwan lemun tsami ko na jiƙaƙƙiyar tsamiya, a bari minti 10, a goge da buroshi, a ɗauraye. Kada a bar shi ya daɗe a kan siminti, gama tsami yana cin daɓe.

2. Jan tabo. Tsatsa ce daga ruwan ko daga tsohon bututu. A haɗa lemun tsami da gishiri a dirje. Bilic ba ya fid da tsatsa, sai ma ya ƙara kafe ta.

3. Dauɗar sabulu da maiƙo. A jiƙa toka ko kanwa, wadda ba ta wuya a kasuwannin ƙasar Manga da Bade, a ruwan ɗumi, a wanke da ita.

4. Gansakuka da baƙin tabo. Danshi ke kawo su, musamman da damina. Su ne ke jawo santsin da yake kayar da tsofaffi da masu juna biyu. A zuba bilic gwangwani 1 cikin ruwa gwangwani 10, a shafa, a bari minti 10, sa'an nan a ɗauraye.

GARGAƊI

Kada a kuskura a gama bilic da abu mai tsami. Haɗin yana tayar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu. Haka kuma in ya gamu da fitsari, saboda haka a fara kwarara ruwa tukuna. A buɗe ƙofa, a kori yara. Ruwan batir ba abin wanki ba ne.

Bayan haka a gyara rariya, a riƙa share ruwa bayan kowane wanka, don kada sauro ya sami wurin hayayyafa. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi duba-gari na ƙaramar hukumarsa.

Rigakafi ya fi magani.