Noman shinkafa a fadamun Bagudo

Fadamun Bagudo filaye ne da Kogin Neja, wanda mutanen yankin ke kira Kwara, yake malalewa duk shekara a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, daura da iyakar Jamhuriyar Benin. Hausawa, Dandawa, Kyangawa, Zabarmawa da Fulani na zaune a yankin, kuma shinkafa ce babban abin da ake nomawa a fadamun.

Tarihi

Tun kafin zuwan Turawa ake noman jar shinkafa ta gida, wadda masana ke kira Oryza glaberrima. Wasu ire-irenta kan yi tsawo yadda ruwa ke hauhawa, don haka ambaliya ba ta cika nutsar da su ba.

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba ƙasar Bargu biyu. Illo ta faɗa hannun Ingila, daga baya aka sanya ta ƙarƙashin Masarautar Gwandu.

Wajen 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ƙaddamar da shirin noman shinkafa da injuna a Lardin Sakkwato, wanda Gwandu ke cikinsa. Manyan taraktoci ne ke kafce fadama, manomi ya biya kuɗin huɗa, gona kuwa tana nan a hannunsa. Shirin bai ɗore ba, saboda tsadar injuna da kuma ruwan da kan zo da wuri ko ya makara.

Mallakar ƙasa

Turawa ba su kafa manyan gandayen kamfanoni a Arewacin Najeriya ba, saɓanin Office du Niger da Faransa ta kafa a Mali ta yau a 1932. Babban dalili shi ne dokar ƙasa ta 1910, wadda ta sanya duk filayen Arewa ƙarƙashin kulawar Gwamna domin amfanin 'yan ƙasa, ta kuma hana baƙo mallakar fili har abada. A aikace, sarakuna da hakimai da masu gari ne suka ci gaba da raba fadama, manoma na samun ta ta hanyar gado, aro, haya ko jingina.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye ga gwamnan jiha, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin noma a karkara har hekta 500. Duk da haka, gonaki da yawa ba su da takarda, shaidar dattawa ce hujjar mai su.

Halin yanzu

Darajar fadama ta ƙaru bayan da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, da kuma rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019 don daƙile fasa-ƙwaurin shinkafar waje. Noman rani da injin ban-ruwa ya faɗaɗa zuwa wuraren da makiyaya suka saba kiwo da rani, abin da kan jawo saɓani kan burtali da mashaya.